Kariya ko faranjifani: wanne ya dace da ɗan fili a tsakar gida?

Sabon Maigida, Tunfure, Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina neman shawarar iyaye da 'yan'uwa waɗanda suka san sha'anin itatuwan ado. A farkon shekarar nan Allah Ya nufa muka tare a gidan da na daɗe ina fama da gininsa a Tunfure. Lokacin da aka zo yi wa tsakar gida siminti, na roƙi magina su bar mini wani ɗan fili a buɗe, tsawonsa mita uku, faɗinsa mita biyu da rabi, kusa da tagar ɗakin mahaifiyata. Rana tana samun wurin tun daga hantsi har bayan la'asar, kuma burina shi ne in dasa abu ɗaya tak wanda zai ƙawata gidan, idan da hali kuma tsohuwa ta riƙa shimfiɗa tabarmarta a gindinsa.

Na je wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, wani daga cikinsu ya nuna mini iri biyu. Ta farko gajeriya ce, gindinta ya kumbura kamar tulu, rassanta kaɗan, furanninta ja-ja masu haske a tsakiya. Ya kira ta da wani sunan Turanci mai nufin furen hamada, amma da na nuna wa mahaifiyata hoton a waya sai ta yi dariya, ta ce ai wannan kariya ce, tun tana yarinya akwai ta a ƙofar gidan mai garinsu. Na biyun sanda ne kawai mai kaurin taɓarya, da tarin dogayen ganyaye a kansa, furensa fari da rawaya a ciki, ƙamshinsa kuwa har yanzu yana hancina. Shi wannan faranjifani ya kira shi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ya ce wai abu ɗaya ne, ita kariyar wada ce kawai a cikin dangin, amma duk da haka kuɗin da ya sa mata ya ninka na faranjifanin.

Ga halin da gidan yake ciki. Ruwa saye muke yi, wani lokaci daga tanka, wani lokaci daga 'yan garuwa, saboda haka ba zan iya riƙe abin da ke shan jarka guda kullum ba. Muna da yara uku, ƙaramarsu shekararta biyu, duk abin da ta tsinta a ƙasa bakinta take kai shi. Sannan duk shekara a tsakar gidan nan za a ɗaure ragon layya na mako ɗaya ko biyu. Shin da gaske abu ɗaya ne? Idan ba haka ba, wanne ya kamata in dasa a wannan filin?

Tsohon Malamin Gona, Bauchi

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah Ya sanya albarka a sabon gida, Ya sa a shiga a sa'a. Ɗana, mai fulawar nan rabin gaskiya ya faɗa maka. Danginsu ɗaya, amma ba abu ɗaya ba ne, kamar yadda gero da dawa suke 'yan'uwa amma babu manomin da zai ce maka dawa gero ce da ta yi tsawo. Dangin nasu shi ne na tumfafiya da kwankwani, wanda a da maharba suke haɗa dafin kibiya da 'ya'yansa, shi ya sa ko wanne ka karya reshensa za ka ga ruwa yana tsiyaya, kuma shi ya sa furanninsu suke kama da juna, ko wanne da kunnuwa biyar.

Mahaifiyarka ta fi mai fulawar sanin kayansa, domin kariya 'yar gida ce. Masana tsirrai suna kiranta Adenium obesum, kashin farko na sunan yana komawa ga birnin Adan na ƙasar Yaman, na biyun kuma yana nufin mai ƙiba. Tana fitowa da kanta a busassun wurare tun daga Senegal, ta ratsa arewacin ƙasar nan da Chadi da Sudan, har gabashin Afirka da kudancin yankin Larabawa. Kumburin gindin da ka gani rumbun ruwanta ne, da shi take ƙetare rani ba tare da kowa ya ba ta ko ɗigo ba. Ba babbar bishiya ba ce, kuma ba za ta zama babbar bishiya ba. A ƙasa, bayan shekaru masu yawa, takan kai mita biyu ko kaɗan fiye da haka, a tukunya kuwa za ta iya shafe shekara goma ba ta wuce ƙugunka ba. Mu da muka tashi a ƙauye mun ji manya suna jingina mata karin maganar nan da ake cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, saboda mutum zai daɗe yana ganin ta cike da fure bai taɓa ganin ɗanta ba. A gaskiya dai tana yin 'ya'ya jefi-jefi, kwanso biyu ne haɗe a gindi kamar ƙahonin sa, idan sun bushe sai su tsage iska ta kwashe irin da gashinsa kamar yadda take kwashe audugar tumfafiya.

A nan ne ma dalilin tsadarta yake. Kariyar da aka samu daga reshe ba ta yin wannan tulun gindin da wuri, sai wadda aka shuka daga iri aka yi shekaru ana reno. Sannan yawancin masu furanni ninki-ninki da launuka kala-kala da ake kawowa yanzu masu aure ne, kamar yadda ake yi wa mangwaro, kuma masu lambun ƙasar Tailan ne suka yi fice wajen samar da su. Ka duba rassan da kyau, za ka ga tabon wurin da aka haɗa.

Shi kuwa faranjifani baƙo ne, asalinsa Meziko da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan. Sunansa na kimiyya Plumeria, an sa masa shi ne don tunawa da Charles Plumier, wani Bafaranshe masanin tsirrai da ya rasu a 1704. Shi ƙaramar bishiya ce ta sosai, yakan kai mita biyar zuwa takwas idan ya daɗe, kuma yana buɗewa kamar laima, faɗinsa ya kusan kai tsawonsa. Samun sa ba ya buƙatar kuɗi: reshe kamu ɗaya za a yanko, a ajiye shi a inuwa mako ɗaya ko biyu har bakin yankan ya bushe, a kafa shi a ƙasa mai yashi, shi ke nan. Wanda mai fulawar ya nuna maka ma haka aka yi shi.

Game da ruwa, dukansu masu haƙuri ne, sai dai kariya ta fi. Faranjifani zai so a riƙa ba shi bokiti ɗaya sau ɗaya ko biyu a mako a ranin farko, bayan ya kama ƙasa kuwa damina kaɗai ta kusa isar sa. Tun da ka ambaci tabarmar tsohuwa da ƙamshi, ra'ayina shi ne ka dasa faranjifani a tsakiyar filin nan. Kariya kusan ba ta da ƙamshi, inuwarta kuma ko kaza ba za ta ishe ta ba. Shi kuwa ƙamshinsa da dare yake ƙaruwa, domin malam-buɗe-littafin dare yake kira da shi, ka ga ke nan ta tagar ɗakin zai riƙa shiga bayan isha'i.

Hajiya, Federal Low Cost, Gombe

Assalamu alaikum. Baba Malam, Allah Ya ƙara girma, mun ƙaru ƙwarai da bayanin nan. Sai dai da izininka zan yi ɗan gyara a kan batun inuwa, domin ina da iri biyun a gidana, faranjifanin ma ya shekara goma sha ɗaya, kuma ba na so ƙanena ya dasa shi da tsammanin abin da ba zai samu ba.

Da zarar hunturu ya kankama, wajen watan Disamba, faranjifanina yake fara zubar da ganye, kafin ƙarshen Janairu ya koma tsirara kamar kuka a rani, babu komai sai rassa masu kauri a miƙe. Haka zai zauna har sai an fara jin ƙanshin damina. To duk wanda ya san Gombe ya san Maris da Afrilu ne lokacin da zafi yake kai maki 40, lokacin da mutum yake neman inuwa ido rufe, kuma a daidai wannan lokacin ne bishiyar ba ta da ganye ko ɗaya. Abin da take yi a madadin haka shi ne fure. A ƙarshen bazara za ka ga tarin furanni sun fito a kan busassun rassan nan kafin ganye ya biyo baya, abin sha'awa ne ƙwarai, amma ba ya hana rana dukan kai. Inuwarsa mai kyau daga Yuni zuwa Nuwamba take. Ga shekaru kuma: nawa sai da ya shekara shida kafin mutum ya iya zama a ƙarƙashinsa ba tare da reshe ya taɓa masa ɗankwali ba.

Akwai wani iri da ya fi riƙe ganyensa idan yana samun ɗan ruwa, shi ne Plumeria obtusa. Ana gane shi da ganye, nasa kore ne shar mai sheƙi, bakinsa a zagaye kamar cokali, furensa fari. Wanda ya fi yawa a gidajenmu, irin nawa, bakin ganyensa tsini gare shi kuma ba ya sheƙi, shi ne mai furanni ja da rawaya da ruwan hoda. Ƙanena, idan ka koma wurin mai fulawa ka dubi bakin ganyen kafin ka biya kuɗi.

Wani abu kuma shi ne shara. A lokacin furensa kullum da asuba sai na tarar da ƙasa ta cika da furannin da suka faɗo cikin dare. Ni ba na jin haushinsu, jikokina sukan tsince su su zuba a kwanon ruwa a falo, ƙamshin ya wuni. Amma a Agusta da Satumba wata irin tsatsa takan kama bayan ganyen, gari ne rawaya kamar kurkum, idan ka shafa sai ya ɓata maka yatsa. Ba ta kashe bishiyar, tana dai sa ganye ya zube da wuri, maganinta a wurina shi ne a share ganyen da ya faɗi a ƙone, kada a bar shi a gindi. Kuma rassansa ba su da ƙarfi ko kaɗan duk da kaurinsu. Wata rana yarinyar da ke taya ni aiki ta ɗaura igiyar shanya a reshe ɗaya ta rataya zannuwan gado biyu jiƙaƙƙu, sai ji muka yi ɓas, reshen da ya shekara huɗu yana girma ya faɗo. Mai yara maza sai ya hana su hawa tun da wuri.

Ita kuwa kariya, ta farkon da na saya ni na kashe ta da hannuna, da yawan kulawa. Na sa ta a tukunyar roba da baƙar ƙasa mai laka da aka kawo mini daga fadama, na kuma sa a riƙa ba ta ruwa kullum tare da sauran fulawa, har a cikin Agusta da sama take zuba. Ganyenta ya fara yin rawaya, na ɗauka ƙishi ne, na ƙara mata ruwa. Ranar da na danna gindin da babban yatsa sai ya nutse kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, wani baƙin ruwa mai wari ya fito. Ta biyun a kaskon ƙasa na sa ta, mai manyan huji a ƙasa, da yashin rafi da tsakuwa da garin gawayi da ɗan taki kaɗan, kuma ba na ba ta ruwa sai na tura yatsa na ji ƙasar ta bushe ƙamas. Yau shekararta bakwai. A tsakiyar rani, lokacin da komai a gidan ya yi ƙura ya yi fari, ita ce take ja kamar an kunna wuta.

Ma'aikacin Lafiyar Dabbobi, Kumo

Salamu alaikum. Baba da Hajiya sun gama magana a kan shuka, ni kan yarinyar nan mai shekara biyu da ragon layya zan tsaya, domin a nan ne bambancin ya fi girma. Ruwan kariya dafi ne na gaske, yana ɗauke da sinadaran da ke rikita bugun zuciya, kuma a sassa da dama na Afirka an yi amfani da shi wajen dafin kibiya da kashe kifi a tafki. Dafin yana ko'ina a jikinta, saiwa da gindi da ganye da fure. Alamun farko a dabba ko mutum su ne dalalar miyau da amai da zawo, daga nan kasala da rikicewar bugun zuciya. Ɗacinta yakan sa dabbar da ke kiwo a sake ta ƙyale ta, amma ragon da aka ɗaure wuri ɗaya, ba ya ganin ɗanyen ganye sai wanda ke gabansa, ba a yi masa wannan shaidar. Kuma tsayin kariya daidai yake da bakin rago, daidai da hannun yarinya.

Farin ruwan faranjifani, mai kama da nonon tumfafiya, shi ma ba abin wasa ba ne, yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje a fata, idan ya shiga ido yana da raɗaɗi sosai, wanda ya tauna ganyen kuma zai iya yin amai ko zawo. Sai dai bai kai kariya haɗari ba, kuma idan ya girma ganyensa yana sama. Duk wanda zai yanke reshen ko wanne daga cikinsu ya sa safar hannu ko leda, ya wanke wuƙar da sabulu, kada a mayar da ita kicin haka nan. Idan kuma aka ga yaro ya tauna wani sashe na kariya, a wanke masa baki a kai shi asibiti nan take tare da guntun abin da ya tauna, kada a tsaya jiran alama, kada kuma a tsaya ba shi manja ko madara a gida.

Sabon Maigida, Tunfure, Gombe

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, Hajiya, Yaya mai kula da dabbobi, kun raba ni da ruɗani. Na karanta wa mahaifiyata bayanin Hajiya a kan inuwa, ta ce ita a bazara dama a zaure take wuni, ƙamshin dare take so, saboda haka faranjifani ya tsaya. Kariya kuwa na haƙura da ita a cikin gida har yarinyar ta yi wayo. Saura abu biyu da suke damuna. Filin yana jikin ginin ɗaki, kuma na ga yadda saiwar dogon yaro ta ɗaga simintin gidan da muka yi haya a Jekadafari har ta tsaga katanga, ina tsoron kada in sayo wa kaina irin wannan. Na biyu, da na tona wurin jiya sai na tarar magina sun binne ɓaraguzan bulo da busasshen siminti a ciki, yashin sama bai fi taƙi ɗaya ba.

Tsohon Malamin Gona, Bauchi

Hajiya ta yi gaskiya a kan inuwa, na karɓi gyara. Nawa a nan Bauchi yana kusa da wurin alwala, jiƙar da yake samu kullum tana sa ya jinkirta zubar da ganye, shi ya sa na manta yadda yake yi a busasshen wuri.

Ɗana, kwantar da hankalinka game da saiwa. Ta faranjifani siririya ce mai laushi, ba ta yin kaurin da za ta ɗaga siminti irin na dogon yaro, shi ya sa ake dasa shi kusa da gine-gine har ma a manyan tukwane. Abin da za ka yi wa lissafi shi ne rassa. Ka kafa shi aƙalla mita ɗaya da rabi daga bango, ka karkata shi ga ɓangaren tsakar gida, idan wani reshe ya nufi taga ko kwanon rufi ka yanke shi a rani, ba a damina ba, domin yankan da ya sha ruwan sama yakan ruɓe ya bi reshen ciki. Duk inda ka yanke, sababbin rassa biyu ko uku za su fito, kuma wanda ka yanke ɗin dashe ne da za ka ba maƙwabci.

Ɓaraguzan kuwa sai an fitar da su. Ka haƙa rami mai zurfin santimita 60, faɗinsa ma haka ko fiye, ka kwashe duk guntayen bulo da simintin. Ka gwada ramin kafin ka dasa: cika shi da ruwa da yamma, idan da safe ka tarar ruwan yana nan kwance to akwai dandaɓe a ƙasa, sai a ƙara fasawa. Wannan gwajin ya fi muhimmanci a gida irin naka, domin tsakar gidan da aka yi wa siminti duk ruwan saman Agusta filin nan zai nufa idan ba a yi masa hanya ba, kuma shi ma faranjifani kwanciyar ruwa tana ruɓar da shi kamar yadda ta yi wa kariyar Hajiya. Ka sa a ɗaga bakin filin da bulo layi ɗaya, ka cika ramin da yashi kashi biyu, ƙasar gona kashi ɗaya, da takin shanu wanda ya shekara ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki gara yake kira. Ka tara ƙasar ta yi ɗan tudu, ka dasa a kai, kada ka binne sandan fiye da inda ƙasar leda ta tsaya masa. Ka kafa masa turke ka ɗaure shi da tsumma mai laushi, saboda kansa ya fi saiwarsa nauyi a shekarar farko, iskar farkon damina kuma ka san halinta. Ƙarshen Mayu ko farkon Yuni ya fi dacewa, bayan ruwa ya sauka sau biyu ko uku. Idan kana son ganin manya da idonka kafin ka yanke shawara, ko kana neman wanda zai nuna maka irin mai zagayayyen ganyen da Hajiya ta ambata, Kwalejin Aikin Lambu ta Tarayya tana nan Dadin Kowa, ba nisa daga gare ku.

Hajiya, Federal Low Cost, Gombe

Ƙanena, ƙari ɗaya a kan na Baba. A shekara biyun farko ganyen faranjifanin yana ƙasa-ƙasa, kuma ɓawonsa yana da taushi, rago zai iya goge shi da ƙaho ya karya sandan gaba ɗaya. Ka kewaye shi da ragar waya mai tsayin ƙirji, turken ragon kuma a kafa shi a can ɗaya kusurwar, a auna igiyar a tabbatar ba ta kai wurin. Kariyar ma ba sai ka haƙura da ita ɗungurungum ba idan tsohuwa tana marmarin ganin abin ƙuruciyarta. Tawa a kan ginshiƙin ƙofar gida take, sama da kan mutum, inda rana take dukanta wuni guda, yaro ba ya kaiwa, akuyar maƙwabta ma sai dai ta ɗaga kai ta wuce. A Agusta kawai nake sa a sauko da ita ƙarƙashin baranda idan ruwa ya yi kwana uku bai ɗauke ba.